Darasin Da Tumatirin Bokiti Ya Koya Mana

A zangon karatun da ya gabata, mu huɗu a ɗakin kwanan ɗalibai muka shuka tumatir da barkono cikin tsofaffin bokitan fenti. Da muka ga ganyen ya fara komawa ruwan ɗorawa, sai muka zuba wa kowane bokiti takin yuriya cikin tafin hannu. Kafin kwana uku ganyen ya ƙone ƙurmus. Garin neman ƙiba muka samo rama.

Kuskurenmu shi ne mun ɗauki bokiti tamkar gona. A gona saiwa na da wurin yawo, ruwan sama kuma na wanke abin da ya yi yawa. A tukunya kuwa ƙasar kaɗan ce, abin da aka zuba nan zai zauna. Idan taki ya yi yawa, gishirinsa na zuƙe ruwa daga saiwa, shuka ta bushe alhali ƙasa na jiƙe.

To, wane taki ya dace? Ku duba jikin buhu. Idan an rubuta NPK 15-15-15, ana nufin sinadarai uku ne, kowanne kashi 15 cikin 100. Naitirojin na gina ganye, fosfaras na taimakon saiwa da fure, fotasiyam kuma na inganta 'ya'ya da ƙara juriya. Yuriya kuwa naitirojin ne zalla, kashi 46 cikin 100, shi ya sa yake da zafi. Yanzu ƙaramin cokali ɗaya na NPK muke barbaɗawa a gefen bokiti, nesa da kara, sau ɗaya a wata, sannan mu ba da ruwa.

Wanda ba shi da kuɗin takin zamani kada ya damu. Kashin awaki ko na shanu da ya ruɓe sosai ya wadatar: kwano ɗaya a cakuɗa da kwano uku na ƙasa. Amma ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka.

Sai batun ruwa. Ruwan sama ya fi kowanne, ku tara shi da damina. Na famfo ku bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti domin warin maganin ya ragu. Idan farin ɓawo ya bayyana a saman ƙasa, gishiri ne ya taru. Ku kwarara ruwa har ya fita ta ƙasa. Ruwan wanki mai omo ko bilic kuwa, kada ya kusanci shukarku.

Kafin ban ruwa, ku tsoma yatsa cikin ƙasa. In da danshi, ku dakata. Ku tabbatar gindin tukunya na da huda, domin saiwa ma na buƙatar iska. Da bazara, ku riƙa bayarwa da sassafe ko da yamma.

Mun sake shuka bayan wancan rashi. A makon jiya muka yi miya da tumatirinmu. Ku ma ku nemi bokiti ɗaya ku gwada a hutun nan.