Ranar Laraba a Kasuwar Awrir

Wanda ya taso daga Agadir, a ƙasar Maroko, ya miƙi hanyar bakin teku ya yi arewa, kafin ya kai Tagazut sai ya ratsa Awrir. Daga Agadir zuwa Awrir kusan kilomita 12 ne. Baƙi na ce masa garin ayaba, saboda 'yan gajerun ayabar nan masu zaƙi da ke rataye a rumfunan bakin titi. Sauran ranaku gari ne shiru-shiru. Ranar Laraba kuwa kasuwa ke ci, duwatsu su sauko, teku ta hauro.

Tun da asuba motocin ƙauye ke gangarowa daga tsaunukan Imuzzer, ƙasar Ida Utanan. Kan hantsi ya dubi ludayi an kafa rumfunan tamfol, an zube tumatir da lemo da karas da albasa, ga na'ana'a dami-dami, ga zaitun cike da robobi, ga 'yan gwanjo can gefe. Ba mudu, ba kashi; kusan komai sai an ɗora a sikeli, a biya da dirhami. Harshen Tashelhit ne ya fi tashi, Larabci na biye.

Su kuwa mutanen teku ba sa ɓuya. Turawa ne masu hawan raƙuman ruwa a kan allo, waɗanda ke cika Tagazut da Tamragt daga Oktoba zuwa wajen Afrilu, lokacin da tekun Atlantika ke tumbatsa. Za ka gan su da silifa, gashi duk gishiri, suna tayin ayaba da yatsu. Kuɗinsu ya buɗe masaukai da gidajen abinci, wannan ba musu.

Amma ni inda ƙafata ta tsaya shi ne wajen masu man argan. Bishiyar 'yar uwar kaɗanya ce a dangi, ko da yake ƙayarta ta fi kama da ta aduwa, kuma kudu maso yammacin Maroko ne gidanta. Har awaki na hawa rassanta su ci 'ya'yan. Duk wadda ta taɓa yin man kaɗe ta san wahalar da ke cikin kwalbar nan: a tsinto, a shanya, a ɓare, sannan mace ta zauna ta fasa ƙwallon da dutse, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ta farfasa ƙwayar ba. Man ci sai an soya ƙwayar kafin a niƙa. Na shafawa ɗanye ake matsewa. Idan aka haɗa man da zuma da niƙaƙƙen almon, shi ne amlu, wanda ake dangwala da gurasa a karya kumallo.

UNESCO ta sa dajin argan cikin wuraren da ake karewa a 1998, ta kuma karrama sana'ar a 2014. Sai dai karramawa ba ta sa ruwa ya sauka. Farin da aka yi shekaru a jere ya rage 'ya'yan, mai ya yi tsada, masu algus suka samu ƙofa. Kwalbar da ke sheƙi a shagon bakin teku, sau da yawa hannun da ya fasa ƙwallon ne ke samun kaso mafi ƙanƙanta a kuɗinta, kuma wannan na ci mini rai.

Idan Allah Ya kai ka Awrir, ɗan'uwa, ka sayi ayabarka, sannan ka hau hanyar Imuzzer ka nemi ƙungiyar matan da ke matse man da kansu. Ka saya a hannunsu, kuma kada ka matsa musu da neman ragi.