Zaɓen Taskar Umarni Domin Sarrafa Matani da Zaruruwa Masu Yawa: Misali Daga Hausar Kasuwar Ochanja

1.0 Gabatarwa

Manazarcin da ya tattara hirarrakin Hausawa ’yan kasuwar Ochanja da ke Anacha, inda Hausa ke cuɗanya da Ibo da Pidgin, zai ƙare da tarin matani da ba ya ƙidayuwa da hannu. Kwamfutocin yau suna da cibiyoyin lissafi da dama, amma shiri ba ya moriyarsu sai an rarraba masa aiki. Wannan maƙala za ta duba taskokin umarnin da ake amfani da su wajen rabon, da ma’aunan zaɓe a tsakaninsu.

2.0 Ma’anar Zare da Taska

Zare shi ne jerin umarni guda da kwamfuta ke bi daki-daki. Zaruruwan da ke cikin shiri ɗaya suna tarayya a ma’adanar bayanai guda, tamkar ’yan dako da ke sauke kaya daga mota ɗaya zuwa sito ɗaya. Taska kuwa tarin umarni ce da aka riga aka tsara, mai rubuta shiri ya ara ya yi aiki da ita.

3.0 Fitattun Taskoki

(a) Pthreads: An daidaita ƙa’idarta a 1995. Mai shiri ne ke ƙirƙirar kowane zare da kula da makullansa. Tana ba da cikakken iko, amma saurin kuskure gare ta.

(b) OpenMP: Ta fito a 1997 domin Fortran, sannan a 1998 domin C da C++. Da ’yan layuka kaɗan ake raba aiki mai maimaituwa, kamar ƙidayar kalmomi.

(c) MPI: Ƙa’idarta ta farko ta fito a 1994. Ba ta dogara da ma’adana guda ba. Shirye-shirye ne ke aika wa juna saƙo, don haka ta fi dacewa da kwamfutoci da yawa da aka haɗa.

(d) Python: Sigarsa da aka saba da ita tana da makulli da ke hana zare biyu gudanar da umarninsa a lokaci guda. Saboda haka taskar threading ba ta ƙara sauri a aikin lissafi, sai dai a koma ga multiprocessing. A 2024 aka fara samar da sigar da babu makullin, amma sai mutum ya zaɓe ta da kansa.

4.0 Ma’aunan Zaɓe

Na farko, iyakar riba. Gene Amdahl ya nuna a 1967 cewa ɓangaren da ba ya rabuwa shi ke ƙayyade sauri. Idan kashi 20 cikin 100 na aikin ba ya rabuwa, cibiyoyi 8 za su ninka sauri kimanin sau 3.3 kawai, kuma komai yawansu ba za a wuce sau 5 ba.

Na biyu, ingancin sakamako. A ce zare biyu sun ci karo da kalmar “kuɗi” a lokaci guda, kowanne ya karanta adadi 40, ya rubuta 41, alhali 42 ya kamata. Kwamfuta ba za ta yi gargaɗi ba, kuma a kan wannan gurguwar ƙididdiga za a gina hukunci game da yawan aron kalmomi. Maganinsa shi ne kowane zare ya riƙe jadawalinsa, a haɗe su daga ƙarshe.

Na uku, yanayin rubutu. A tsarin UTF-8 baƙaƙen ɓ, ɗ da ƙ kowanne yana cin bayit biyu, wasulan Ibo ị, ọ da ụ kuwa uku-uku. Yanka fayil bisa adadin bayit na iya tsaga harafi, “ƙasa” ta ɓace daga lissafi. Wajibi ne a riƙa yankawa a ƙarshen layi ko jimla.

5.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, multiprocessing ta ishi mai aiki da Python a kan kwamfuta ɗaya, OpenMP ta ishi mai aiki da C, a bar MPI sai matanin ya fi ƙarfin na’ura guda. Ko wacce aka zaɓa, ya kamata a fara gudanar da ƙidayar da zare ɗaya a kan ɗan samfuri, a kwatanta sakamakon biyu kafin a wallafa alƙaluma.