Bayanin Ayarin Teku a Yaƙin Hitila

A cikin Yaƙin Hitila babu karon da ya daɗe kamar wanda aka yi a Tekun Atalantika. An soma shi ran 3 ga Satumba 1939, sa'ad da jirgin Jamus na ƙarƙashin ruwa ya nutsar da jirgin fasinja mai suna Athenia, fiye da mutum 100 suka halaka, bai ƙare ba sai cikin Mayu 1945. Sababinsa kuwa, Ingila tsibiri ce, a lokacin abincinta da manta mafi yawa ta ruwa suke zo mata. Jamus ta yi nufin toshe wannan hanya, yunwa ta ci mata abin da bindiga ta kasa.

Dabarar da Ingilishi suka yi ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san labarin fataucin Gwanja, watau ayari. Akan tara jiragen kaya 40 ko 50 a Halifas ta ƙasar Kanada, a jera su sahu-sahu, su doshi Libaful, tafiyar mako biyu ko fiye. Akwai madugu, galibi tsohon hafsan ruwa, yana cikin jirgin da ke gaban sahun tsakiya. Manuwa kaɗan, watau jiragen yaƙi, suna kewaye da su kamar 'yan rakiya. Ayari kuwa ba ya wuce saurin jirgin da ya fi kowa nawa, wani lokaci mil 8 kaɗai a sa'a.

To, ga yadda wuni yake kasancewa. Tun da asuba masu tsaro sukan ƙidaya jirage, su duba wanda ya yi baya, domin wanda injinsa ya lalace ya rabu da 'yan'uwa shi ne naman mahara. Ba a buga wayar iska sai da larura, da tuta da fitila ake magana. Jirgin da ya cika hayaƙi sai madugu ya tsawata masa, don hayaƙi yakan tona asirin ayari daga nesa. Manuwa kuma suna kai da kawowa, suna aika wata ƙara cikin ruwa, in ta bugi ƙarfe ta komo, sun san maƙiyi na ƙasa, sai su mirgina masa gangunan nakiya.

Da hantsi, in ƙasa na kusa, jirgin sama yakan iso daga Aisilan ko Ailan ta Arewa ko gaɓar Kanada, ya wuni yana shawagi, wani lokaci sa'a 15 kafin ya koma gida. Fa'idarsa tana da girma ko bai jefa kome ba. Jirgin ƙarƙashin ruwa na wancan zamani, in yana bisa ruwa, yana gudun mil 20 a sa'a da injin mai. In ya nutse kuwa da batir yake tafiya, sai ya yi ta rarrafe mil 3 ko 4, in ya matsa batir ya ƙare. Saboda haka da ya hango jirgin sama tilas ya nutse, kafin ya taso ayari ya yi masa nisa.

Tashin hankali sai bayan magariba. Shugaban jiragen Jamus, Kal Donis, ya shirya su garke-garke kamar kyarketai. Wanda ya fara ganin ayari ba ya harbi, sai ya bi sawu, ya buga waya hedkwata, a kirawo sauran. In dare ya yi duhu su taso bisa ruwa, inda waccan ƙara ba ta kama su, su kutsa tsakanin sahu suna sakin nakiya mai gudu. Doka ce jirgin kaya kada ya tsaya tsamo mutane, ko da yana jin kukansu, don kada shi ma a same shi. Daga 1941 aka soma sa jirgin ceto a bayan ayari musamman domin wannan aiki, gama sanyin ruwan arewa ba ya barin mutum ya daɗe.

Wuri mafi sharri shi ne tsakiyar teku, kudu da Girinlan, inda man jirgin sama ba ya isa ya je ya komo. A nan ne cikin Maris 1943 aka auka wa ayari biyu tare, aka nutsar da jirage fiye da 20 cikin kwanaki kaɗan. Amma kafin wata biyu al'amari ya juya. An samo jiragen sama na Amurka masu cin dogon zango, ana ce da su Liberator, an kuma sa ƙananan manuwa masu ɗauke da jiragen sama su bi ayari. An sami na'urar da ke ganin jirgi cikin duhu, da wadda ke nuna inda waya ta fito. Har wa yau masana a Ingila suna warware rubutun asirin Jamus, a karkatar da ayari daga inda aka yi masa kwanto, asirin da ba a bayyana wa duniya ba sai 1974. Cikin Mayu 1943 kaɗai Jamus ta rasa jiragen ƙarƙashin ruwa kimanin 40, ɗan Donis na cikinsa yana cikin waɗanda suka mutu, ran 24 ga wata ya janye sauran daga Atalantika ta arewa.

Kada mai karatu ya zaci abin ya tsaya can nesa. Tashar Firitawun ta Saliyo babban zango ce a lokacin yaƙin, inda ake tara jirage masu gyaɗa da manja da kuza na Afirka ta Yamma kafin su nufi Ingila. A daren 30 ga Afrilu 1943 zuwa wayewar gari, jirgin Jamus guda ɗaya ya nutsar da jirage 7 na ayarin da ya taso daga Takoradi, dab da isarsu Saliyo.

Da aka yi lissafi bayan yaƙi, an nutsar da jiragen kaya kimanin 3,500, ma'aikatan jiragen kaya na Ingila fiye da 30,000 sun rasu. Jamus ta rasa jiragen ƙarƙashin ruwa wajen 780, cikin mutanensu kuwa kusan uku bisa huɗu ba su koma gida ba. Duk da haka mafi yawan ayarori sun sauka lafiya ba wanda ya ji labarinsu, don masu rakiya ba ganima suka fita nema ba, aikinsu kaya su isa. Wanda ya taɓa kwana a zangon da ake tsoron mahara ya san ladan mai tsaron da gari ya waye masa ba abin da ya faru.