Ranar Da Za A Bar Gatari A Gida

'Yan'uwana mata, ko kun san akwai ƙasar da mutane ke biyan kuɗi a kai su daji su zauna kurum? Japan ke nan. Tun 1982 hukumar gandun dajinsu ta raɗa wa abin suna, wai wankan daji. Ba ruwa, ba sabulu. Jagora na gaba, jama'a na biye sannu-sannu, ba surutu, suna shaƙar ƙamshin itatuwa, suna sauraron kukan tsuntsaye. Masanansu sun auna, sun ga bugun zuciya kan lafa, hankali ya kwanta.

To, mu nan wajen Lambara, tsakanin Boɗinga da Shagari, mace ba ta shiga daji sai da gatari da gammo, ta komo wuya ya sage. Alhali kuwa ga gawo a gonakinmu. Shi dai da damina yake kaɗe ganye, da rani kuwa ya yi kore shar, daidai lokacin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Inuwa kyauta, amma awaki muka bar wa!

Ku nemi izinin maigida, ku haɗu ku biyar ko shida bayan la'asar. Ku sa wata gwaggo gaba, wadda ta san sabara da kalgo, ta san maɓuyar maciji. 'Yan makaranta su riƙo tabarma da ruwan sha. Kada dai ku wuce gonakin bakin gari, don daji yanzu ba wurin sakin jiki ba ne. Ku komo kafin kiran magariba.