Shugabanci da Adalci a Makarantun Gwamnati na Birnin N'Djamena

1.0 Gabatarwa

A wannan takarda za a dubi makarantun gwamnati na N'Djamena, babban birnin ƙasar Chadi. Za a bayyana yadda ake tafiyar da su, da waɗanda suke ɗaukar nauyinsu, da kuma abin da yara suke fita da shi daga cikinsu. Tun farko ya kamata ɗalibi ya rarrabe kalmomi biyu, wato daidaito da adalci. Daidaito shi ne a ba kowa abu iri ɗaya. Adalci kuwa shi ne a ba kowa gwargwadon buƙatarsa. Alal misali, idan aka ba makarantu biyu benci 20 kowace, an yi daidaito. Amma idan ɗaya tana da yara 200, ɗaya kuma 800, to ba a yi adalci ba.

2.0 Birnin da Tsarin Makarantunsa

Faransawa ne suka kafa birnin a shekarar 1900, suka sa masa suna Fort-Lamy. A 1973 Shugaba Tombalbaye ya canza sunan zuwa N'Djamena. Birnin yana bakin kogin Shari, inda ya haɗu da kogin Logon, daura da garin Kuseri na ƙasar Kamaru. An raba shi gundumomi 10. Hausawa sun daɗe da zama a cikinsa, wasu fatauci ya kai su, wasu kuma hanyar Makka.

A 2006 Chadi ta yi dokar da ta tsara ilimi a ƙasar. Dokar ta ce karatu a makarantar gwamnati kyauta ne, kuma wajibi ne ga yaro daga shekara 6 zuwa 16. Firamare shekara 6 ce. Harsunan koyarwa su ne Faransanci da Larabci, domin su ne harsunan hukuma. Shugabanci yana saukowa ne daga ma'aikatar ilimi zuwa wakilinta na lardi, daga shi zuwa sufetoci, daga sufeto kuma zuwa shugaban makaranta.

3.0 Wa ke Ɗaukar Nauyi?

Abin da doka ta faɗa daban, abin da ke gudana daban. A watan Fabrairu na 1979 yaƙin basasa ya ɓarke a N'Djamena, aka yi shekaru gwamnati ba ta iya biyan malamai yadda ya kamata. Da iyaye suka ga haka, sai suka tashi tsaye. Suka kafa ƙungiyoyi, suka gina rumfuna, suka ɗauki malamai suna biyan su daga aljihunsu. Irin waɗannan su ake kira malaman al'umma. Sun yi ta ƙaruwa, har ta kai fiye da rabin malaman firamare na ƙasar irinsu ne. Sun fi yawa a ƙauyuka, amma akwai su a unguwannin bayan gari na N'Djamena. Ko a makarantar gwamnati ma, ƙungiyar iyaye takan karɓi kuɗi a farkon shekara don sayen alli, da gyaran benci, da biyan malamin da gwamnati ba ta ɗauka ba.

Wannan himma abin yabo ce, sai dai tana da illa. Idan makaranta ta dogara ga aljihun iyaye, to ƙarfinta ba zai wuce ƙarfin unguwarta ba. Unguwar 'yan kasuwa da ma'aikata za ta samu malamai da littattafai. Unguwar 'yan ci-rani da leburori kuwa sai abin da ya samu.

4.0 Inda Rashin Adalci ke Bayyana

Na farko, cunkoso. Birnin yana faɗaɗa da sauri fiye da yadda ake gina azuzuwa. Ba abin mamaki ba ne a ga aji mai yara sama da 100, na baya ba sa ko ganin allo.

Na biyu, ambaliya. Ana buɗe makarantu a watan Oktoba, lokacin da kogunan nan biyu suke cika. A Oktoban 2022 ruwa ya cinye unguwanni irin su Waliya a gunduma ta 9, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Wasu makarantu ruwa ya shige su, wasu kuma suka zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe.

Na uku, yajin aiki. Da farashin man fetur ya faɗi, gwamnati ta fito da matakai 16 na tsuke bakin aljihu a 2016, ta rage alawus na ma'aikata. Malamai suka shiga yajin aiki na watanni, aka sake yin wani a 2018. Mai hali ya kai ɗansa makarantar kuɗi, ɗan talaka ya zauna a gida.

Na huɗu, harshe. Yawancin yaran birnin Larabcin Chadi suke ji a titi da kasuwa. A gida wani yana jin Ngambai, wani Kanembu, wani Gorane, wani Hausa. Ranar da yaro ya shiga aji ɗaya, sai a fara masa da Faransanci ko Larabcin littafi. Ɗan ma'aikaci da ya saba jin Faransanci a gida ya riga ɗan'uwansa nisa tun ba a fara ba.

5.0 Me Yara Suke Koya?

Ƙasashe masu amfani da Faransanci suna da wani shirin gwajin ɗalibai mai suna PASEC. A gwajin 2014 da na 2019, sakamakon Chadi yana cikin na ƙasa. A 2019, yara wajen 2 ne kacal cikin 10 na ajin ƙarshe na firamare suka kai matsayin da ake so a karatu. Wannan adadi na ƙasar ne baki ɗaya, amma yana nuna abu guda: yawan yara a rajista ba ya nufin sun iya karatu.

6.0 Aikin Shugaba

Shugaban makaranta ba shi da ikon hana ambaliya, ba kuma shi ke biyan albashi ba. Duk da haka akwai abubuwan da suke hannunsa. Shi ke raba wa malamai azuzuwa, saboda haka yana iya sa gogaggen malami a aji ɗaya da na biyu, inda ake kafa tushen karatu, maimakon ya ajiye shi a ajin jarrabawa kawai. Yana iya zama da ƙungiyar iyaye su amince kada a kori maraya don bai biya ba, a kuma riƙa karanta wa jama'a lissafin kuɗin da aka tara. Yana iya lura da rajista, ya aika gida in yarinya ta yi mako ba ta zo ba, kafin a ji an ɗaura mata aure ko an aza mata talla. Yana iya barin malami ya yi wa ƙananan yara bayani da harshen da suke ji.

Shi kuma sufeto, shi ya san makarantar da malamai suka yi wa yawa da wadda ba ta da su. Idan ya tura malami zuwa inda ake buƙata, ya ƙi bin alfarma, yara ɗaruruwa ne za su amfana.

7.0 Kammalawa

An ga yadda dokar 2006 ta yi alkawarin karatu kyauta ga kowa, da yadda nauyin ya koma kan iyaye. An kuma ga cewa cunkoso da ambaliya da yajin aiki da matsalar harshe sun fi taɓa ɗan talaka. Saboda haka idan za a auna shugaban makaranta ko sufeto, sai a ɗauko yaron da ke zaune a bayan aji a makarantar bayan gari, a miƙa masa littafi, a ji ko zai iya karantawa.