Zaƙami a Cikin Burukutu: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Tun zamanin En'e ba a yarda da sayar da giya a cikin ganuwar birnin Zazzau ba. Masu sha sai su fita Sabon Gari ko ƙauyuka, amma in ta kā da su, gida ake kawo su. Saboda haka ya kamata hakimai su san wannan.

Burukutu da dawa ake yinta. Abin da ke sa maye a cikinta hanta ce ke narkar da shi sannu sannu, har mutum ya wartsake. Amma waɗansu sukan zuba 'ya'yan zaƙami, watau haukata-yaro, don ta ƙara ƙarfi. To, nan haɗarin yake.

A jikin ƙwayoyin jijiya akwai waɗansu 'yan ƙofofi, kowace da mabuɗinta, ta nan saƙo ke shiga zuwa zuciya da ido da gumi. Dafin zaƙami, wanda likitoci ke kira atirofin da sikofolamin, yakan toshe ƙofofin nan, saƙo ya kāsa wucewa. Sai baki ya bushe, baƙin ido ya buɗe, jiki ya yi zafi ba gumi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, fitsari ya tsaya, mutum ya yi ta sambatu. Jama'a sukan ce iska ce. Ba iska ba ce, kuma yana kisa.

In an ga haka, kada a ɗaure shi, kada a ɗura masa kome. A cire masa manyan tufafi, a shafa masa ruwa, a kai shi asibitin Shika nan da nan, a gaya wa likita abin da ya sha.