Yadda likitoci ke gano wurin da ke motsa hannu cikin ƙwaƙwalwa

Idan manomi ya ɗaga hauya, umarnin ɗagawar daga ƙwaƙwalwa yake fitowa. A saman ƙwaƙwalwa akwai wani yanki mai kama da zirin ƙyalle. Ya taso daga tsakar ka, ya gangara wajen kowane kunne. Shi ne mai ba gaɓoɓi umarnin motsi. Ƙafa tana da wurinta, hannu da baki ma haka. Ɓangaren hagu yana motsa damar jiki, na dama yana motsa hagu. Shi ya sa cutar da ta taɓa hagun ƙwaƙwalwa take shanye hannun dama.

Maganaɗisu mai motsa yatsa

A shekarar 1985, a birnin Shefil na ƙasar Ingila, Anthony Barker da abokan aikinsa suka nuna wata sabuwar na'ura. Ana ɗora nannaɗaɗɗiyar waya a kan mutum. Wutar lantarki ta ratsa wayar, ta haifar da ƙarfin maganaɗisu. Ƙarfin ya ratsa fata da ƙashin kai, ya tayar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Mutum yana zaune, idonsa biyu, sai ya ji ƙas, babban yatsansa ya motsa da kansa. Ba a yanka shi ba, ba a sa shi barci ba. Yawancin na'urorin yau suna da zoben waya biyu haɗe kamar lamba 8, don ƙarfin ya taru wuri guda.

Me ya sa ake buƙatar hoto?

Mun san mai ginin rijiya ba ya fara tono sai ya duba ƙasa. Likita ma daga waje yake aiki, ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin ƙashi. Kuma ƙwaƙwalwa tana da tudu da kwari, waɗanda suka bambanta daga mutum zuwa mutum. Idan ƙari ya fito, yakan ture wurin hannu gefe. Kuskuren santimita ɗaya yana iya sa a taɓa wani wuri daban.

Don haka ake fara ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar marar lafiya da na'urar da likitocinmu ke kira IRM. A sa hoton cikin kwamfuta. A liƙa ƴan alamomi a goshinsa da jikin zoben waya. Wata kamara tana bin alamomin. Duk inda likita ya kai zoben, sai ya ga wurin a kan hoton. In yatsa ya motsa, ya sa ɗigo. Ɗigo bayan ɗigo, sai taswira ta fito.

Amfanin taswirar

Na farko, aikin fiɗa. Kafin a cire ƙari, likita ya san wurin da zai kauce wa, don kada marar lafiya ya farka da shanyayyen hannu. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata na'urar ƙasar Finlan don wannan aiki a 2009.

Na biyu, shanyewar ɓarin jiki. Idan aka tayar da wurin hannu, naman hannun ya amsa, alama ce hanyar jijiya ba ta yanke duka ba. Likitoci a birnin Oklan na ƙasar Niyuzilan suna amfani da wannan gwaji don sanin irin sauƙin da za a sa rai da shi.

Na uku, ciwon jijiya mai daɗewa. Maimaita bugun maganaɗisu a wannan yanki yana rage wa waɗansu zafi, ko da yake sauƙin yakan gushe in an daina.

Iyakar wannan dabara

Wani babban gwaji a Amurka, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2018, ya haɗa maganaɗisu da motsa jiki ga masu shanyewar hannu. Waɗanda aka yi wa na gaske ba su fi waɗanda aka yi wa na kwaikwayo samun sauƙi ba. Duka ɓangarorin biyu sun yi motsa jiki, kuma da yawa sun ji dama. Haka nan, mai farfaɗiya ko mai ƙarfe cikin kai dole ya sanar da likita kafin a gwada shi.

Abin da ke hannunmu

Hawan jini shi ne babban dalilin shanyewar ɓarin jiki. Mu riƙa zuwa awon jini a gidan likita, mu rage gishiri. Wanda aka rubuta wa magani ya sha kullum. Idan bakin mutum ya karkace, ko hannunsa ya mutu, ko maganarsa ta sarƙe farat ɗaya, a kai shi asibiti nan take, kada a bari sai gobe. Bayan an sallame shi, iyali su taimaka masa ya riƙa motsa hannun kowace rana, yadda likita ya nuna.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.